Abin da Malam Rabe Ya Kama a Teku

Wata rana, wani malamin lissafi daga Katsina mai suna Malam Rabe ya je Legas hutun ƙarshen zango wajen ƙanensa.

Shekararsa hamsin da biyu, bai taɓa ganin teku ba sai a waya. Bai kuma iya ruwa ba.

A rana ta uku, ƙanen ya tafi aiki. Malam Rabe ya ga fatsa jingine a bayan ƙofa, irin ta zamani mai abin naɗe zare. Ya ɗauka, ya sayi jatan lande na ɗanawa, ya nufi bakin teku bayan azahar.

A can akwai wata tsohuwar gada ta siminti da ta kutsa cikin ruwa ta tsaya, ba ta kai ko'ina ba. Tsakiyarta ta lotsa, sai mutum ya gangara sannan ya sake hawa. Lokacin da ya wuce, wurin a bushe yake, sai gansakuka.

Ya je can ƙarshe, ya tarar da masu fatsa huɗu. Ya kalli yadda suke yi, ya kwaikwaya.

Jifa na farko, ƙugiya ta kama hularsa. Na biyu, ta faɗa kusa da ƙafarsa. Na bakwai ya tafi nesa.

Can sai zaren ya yi nauyi. Sandar ta lanƙwasa.

Da hannu ɗaya ya zaro waya, ya aika saƙon murya a zauren danginsu na WhatsApp: "Jama'a, ku hura gawayi. Na kama babba!"

Nan da nan amsoshi suka fara shigowa. Matarsa ta ce har ta fara daka yaji daga Katsina. Wani ɗan'uwansu ya ce in ba hoto, ƙarya ne.

Ya ja. Abin ya ƙi zuwa.

Ya sassauta, ya sake ja. Sai ya ji kamar an ja shi daga can ƙasa, an saki, an sake ja.

Minti talatin.

Masu fatsan nan suka fara naɗe kayansu ɗaya bayan ɗaya. Wani ya yi masa magana da Yarbanci yana nuna baya. Malam Rabe ya waiga, ya ga ruwa ya fara lasar wurin da ya lotsa.

Sai ya ɗaga kai ya duba sama.

Garau. Ko ɗigon hadari babu.

A garinsu, ruwa ba ya ƙaruwa sai an yi ruwan sama. Duk wanda ya tashi kusa da kogin rairayi ya san haka. Ya ce a ransa, ai babu inda ruwa zai fito. Ya juya ga fatsarsa.

Shekara ashirin da shida yana gaya wa ɗalibai magana ɗaya: "Ba a tashi a bar lissafi a rabi." Yau shi ne zai tashi?

Awa ɗaya da rabi.

Kafaɗunsa suka ƙage. Zaren ya tsaga masa yatsa. Da ya sake waigawa, tsakiyar gadar ta ɓace, sai farin kumfa ke birgima a kai.

Gabansa ruwa. Damansa ruwa, hagunsa ruwa. Hanyar da ya biyo ma ta zama ruwa.

Ga waya a aljihu tana ta ƙara: "Ina hoton?"

Ya kasa ci gaba, ya kasa komawa, ya kasa saki. La'asar ta yi, babu ma hannun da zai yi alwala da shi.

Sai ya hango wani dattijo yana keto ruwan, ya naɗe wando, ruwa har gwiwa. Masunci ne. Da ya iso, ya dubi hular Malam Rabe, ya yi sallama da Hausa.

"Daga ina, Malam?"

"Katsina."

Dattijon ya ƙyalƙyale da dariya. "Haba, shi ya sa! Ashe bawana ne. Ni Bakabe ne, daga Argungu. Shekarata talatin a bakin ruwan nan. Wa ya aiki Bakatsine teku?"

Ko wasan da ke tsakanin Kabawa da Katsinawa Malam Rabe bai iya ramawa ba. Ya ce, "Baba, taya ni ja. Babba ne."

Dattijon ya ɗora yatsa biyu a kan zaren, kamar mai jin bugun jini. Sannan ya ciro 'yar wuƙa, ya miƙa masa.

"Yanke."

"In yanke? Bayan duk wahalar nan? Ai na riga na kama shi!"

"Malam, tun ɗazu ina kallonka daga gaɓa. Shi bai motsa ba, kai ma ba ka motsa ba. To, tsakaninku wa ya kama wani?"

Malam Rabe ya dubi wuƙar, ya dubi zaren.

Dattijon ya ce, "Teku ba ya jiran hadari. Kullum sai ya cika sau biyu, ya janye sau biyu. Yanzu gwiwa ne. Nan da kaɗan ƙugu ne, kuma igiyar ruwa ba ta san malami ba. Ni zan koma. Da kai ko ba kai?"

Malam Rabe ya tuna gawayi. Ya tuna yaji. Ya tuna dariyar da za a yi masa har sallar baɗi.

Sai ya tuna autarsa, wadda ta ce ya taho mata da ƙwanson dodon koɗi daga teku.

Ya yanke.

Sandar ta miƙe. Hannunsa ya yi sakayau, har ya kusa faɗuwa da baya.

Suka shiga ruwan, dattijo a gaba, Malam Rabe ya ƙanƙame masa riga. Sau biyu igiyar ruwa tana make shi, takalminsa ɗaya ya tafi. Da suka taka rairayi, sai ya zube zaune.

Dattijon ya ce, "Gobe da hantsi ka dawo, in nuna maka kifinka."

Ya dawo. Ruwa ya janye. Daga ƙarshen gadar dattijon ya nuna masa can ƙasa.

Tsohuwar tayar mota ce, ta maƙale tsakanin duwatsu, ga guntun zarensa yana lilo a jikinta. Igiyar ruwa ce take ja tana saki.

Malam Rabe ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗauki hotonta, ya tura zauren dangi, ya rubuta:

"Ga shi nan. Ku kashe gawayin."

Darasi: Ba duk abin da ke jan ka ne rabonka ba. Wani kasuwancin, wata gardamar, wata alaƙar, taya ce kawai, amma ka ƙi saki saboda ka daɗe kana ja kuma ka riga ka faɗa wa mutane. Dariyarsu ta kwana biyu ce. Ruwan da ke taruwa a bayanka kuwa ba ya jira.

Idan ka san wani da ke tsaye a ƙarshen gada yana ta ja, tura masa wannan. Wataƙila kai ne mai wuƙar.