Karkataccen Layin Baba Abarshi

Shekara tara ke nan ina soya ƙosai da awara a bakin filin ƙwallon unguwarmu, nan Birnin Gwari, kuma duk tokar da ta fita daga murhuna a cikin shekarun nan Baba Abarshi ne ya kwashe ta. Da ita yake ja wa filin layi. Yana da wani gwangwanin madara da ya huhhuda gindinsa da ƙusa, sai ya cika shi da toka, ya sunkuya, ya bi igiya yana kaɗawa har ya zagaye filin. Ba wanda ya sa shi. Ba wanda kuma ya taɓa ce masa an gode, in ban da ni, ni ma ɗin sai ranar da na tashi da fara'a.

Mutumin wajen Tabanni ne. Yana jin Gwaranci kamar yadda yake jin Hausa, amma a duka biyun bai cika magana ba. Ya yi gadin makarantar firamare har ƙarfinsa ya ƙare, sannan ya koma filin nan gaba ɗaya. An ce da ƙuruciya gola ne, kuma yatsunsa biyu na hagu da suka lanƙwashe ƙwallo ce ta karya su. Shi ke cire ƙaya, shi ke korar awaki, shi ke ɗinke raga da igiyar buhu. In yara sun kaure da faɗa ba ya raba su, ƙwallon kawai yake ɗaukewa ya zauna a kanta har su gaji.

Abu ɗaya ne aka daɗe ana yi masa dariya a kai: layinsa a karkace yake. Kusurwa uku na filin daidai suke, amma in ya doshi ta huɗu, ta gabas wajen tsamiya, sai ya yanke ya shigo ciki, ya bar wani fegi da ya kai faɗin ɗaki biyu. A nan ya dasa itatuwan cini-da-zugu guda biyar. Duk mai bugun kwana daga wannan ɓangaren sai ya matso taku goma, baƙin 'yan wasa su yi ta ƙorafi, namu kuma su ce ai tsufa ne, idon Baba ya tafi. Ni kaina na sha tsokanarsa cewa in tokata ce ba ta isa ba ya faɗa in ƙara itace.

Ba ido ba ne. Mutum biyar ne ke kwance a ƙarƙashin wannan fegin, kuma ban sani ba sai bana.

Shekara bakwai da suka wuce, lokacin da hanyoyi suka rufe, mutanen ƙauyuka suka kwararo cikin gari, an sauke wasu daga wajen Damari da Kutemeshi a filin nan. Ni a lokacin na kwashi yarana na yi Kaduna wajen yayata, wata biyar ban dawo ba. Amai da gudawa ya shiga cikin baƙin, mutum biyar suka rasu cikin kwana uku. Maƙabartarmu tana bakin daji, kuma a makon nan ba mai iya taka wajen ya dawo. Sai aka binne su a gindin tsamiya, Musulmi uku, Kirista biyu, kusa da juna, don ba a da wani wurin. Baba Abarshi na cikin waɗanda suka haƙa. Limamin da ya yi wa ukun salla ya roƙe shi ya riƙe bakinsa, don in magana ta fita, wasu za su ce a tone a raba su, wasu kuma su ce filin ya zama maƙabarta, a hana yara shiga. Limamin ya rasu. Faston da ya yi wa biyun addu'a an mai da shi wani gari. Dangin mamatan suka watse, sai mace ɗaya.

Rhoda ke nan, da muke kira Maman Miracle. Mijinta Timothy ne na biyu daga tsamiya. Ba ta koma ƙauye ba, ta kama ɗaki a bayan kasuwa tana saƙar tabarma. Kowace Lahadi in an taso daga coci sai ta zo ta sayi ƙosai, ta tafi gindin tsamiya ta zauna. Na ɗauka son ƙwallo ne. Shekara da shekaru ina kallon matar nan tana zama ta ba wa wasa baya, ban taɓa tambayar kaina dalili ba. Wannan wautar tawa ce, na yarda.

To bana, bayan an gama girbi, gari ya ɗan lafa, 'yan asalin unguwarmu mazauna Kaduna da Abuja suka ce za su gyara filin. Za a baje shi, a sa sandunan raga na ƙarfe, a gina benci na siminti, a yi famfo, har da lilo na ƙananan yara. Kowa ya yi murna, har da ni. Aka kafa kwamiti, aka ba Mamuda shugabanci. Mamudan nan fa a gabana ya girma, Baba Abarshi ne ya koya masa yadda ake tare ƙwallo da ƙirji, amma ko a taro ɗaya ba su kira tsohon ba. Mutum goma sha biyu a kwamiti, da wanda bai taɓa cire ƙaya ɗaya a filin ba, da wanda bai san inda ruwa ke kwanciya da damina ba, duk an sa su. Na faɗa wa Mamuda wannan rashin kunya ne, a gaban abokansa na faɗa, ya ce Goggo ki tsaya kan ƙosanki.

Suka kawo injiniya daga Kaduna, wani mai suna Gabriel, mutum mai sanyin hali. Ya auna filin, ya kafa turaku, ya miƙe kusurwar nan ta gabas sak, turke ɗaya ma a tsakiyar cini-da-zugun ya faɗa. Washegari aka tarar an tuge turakun, an jera su a gindin tsamiya. Aka sake kafawa, aka sake tugewa. Kowa ya san wane ne. Mamuda ya yi ta yawo yana cewa hassada ce, tsoho ya ga za a karɓe masa sarauta. A kwanakin nan Baba bai zo ɗaukar toka ba. Da na aika masa da ƙosai aka dawo mini da shi. Ashe yana can yana juya abin: in ya yi shiru gireda, motar baje ƙasa, ta bi ta kan mutanen da ke kwance, in ya yi magana ya karya alkawari, wataƙila kuma yara su rasa filin gaba ɗaya.

Ranar Talata da hantsi gireda ta iso. Ta fara daga yamma tana turo ƙasa, jama'a sun cika bakin fili suna kallo. Da ta doshi gabas sai muka ga Baba Abarshi zaune a tsakiyar cini-da-zugunsa, ya miƙe ƙafafu, gwangwaninsa a cinya. Direba ya tsaya. Mamuda ya taho yana gyara hula.

"Baba, tashi don Allah. In layin ne, za mu ba ka fenti ka yi ta ja har ka gaji."

Tsohon bai ko ɗaga kai ba. Mamuda ya ce wa samari biyu su ɗauke shi a hankali. Nan na ajiye matsamin ƙosai na shiga tsakani, na ce duk wanda ya taɓa shi sai na juye masa man nan, kuma sun san ni. Gaskiya ban san me nake karewa ba. Na dai san ba a ɗaukar dattijo kamar buhun masara.

Muna cikin haka sai ga Rhoda, ranar da ba Lahadi ba, ba ko takalmi a ƙafarta. Ta wuce mu duka, ta tsaya kusa da itace na biyu ta dafa shi.

"Mijina yana nan," in ji ta. "Ku bi ta kaina tukuna."

Direba ya kashe inji. Baba Abarshi ya dube ta, ya daɗe yana dubanta, sannan ya miƙe da ƙyar. Ya bi itatuwan ɗaya bayan ɗaya yana faɗin sunan wanda ke ƙasa da ƙauyen da ya fito. Ta ƙarshen yarinya ce 'yar shekara shida. Ya ba da labarin yadda aka yi, a taƙaice, yadda na rubuta a sama. Da ya gama sai ya juya ga Mamuda.

"Na karya wa Liman alkawari. Yanzu in kun ga dama ku rufe filin, amma ku sani ni na jawo wa yaran nan."

Abin da ya ji tsoro kuwa ya fara tasowa nan take. Wani ya ce ai ba a wasa kusa da kabari. Wani daga baya ya fara maganar cewa bai kamata a ce an haɗa su wuri ɗaya ba. Na juya na tambaye shi ina yake ranar da ake haƙa. Mamuda dai ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Aka aika a kira limamin yanzu da wani dattijon coci. Suka keɓe da mai unguwa a gindin tsamiya, ba su daɗe ba suka dawo da magana ɗaya: ba za a taɓa kowa ba, a kewaye wurin da katanga, yara su ci gaba da wasansu daga waje yadda suka saba shekara bakwai.

Sai aka zo kan filin. In aka cire fegin, fili ba zai cika awo ba. Injiniya Gabriel ya ɗauko tef ɗinsa, amma maimakon ya ba yaransa sai ya miƙa wa Baba Abarshi bakin, ya ce Baba kai ka san wurin nan, riƙe mini. Suka yi ta kai da kawowa cikin rana. Can injiniyan ya zo ya tsaya a gabana yana sosa ƙeya. Ya ce in aka matsar da filin gaba ɗaya taku goma sha biyu zuwa yamma komai zai zauna daidai, sai dai sandar raga za ta faɗa daidai inda rumfata take.

Rumfar da na yi shekara tara a ciki, wadda ke kan hanyar masu fitowa daga kasuwa. Na ce masa ai dama na san a kaina za ta ƙare. Kafin la'asar samarin Mamuda sun cicciɓe ta sun kai ta gefen kudu, kuma na sa sun sake kafa ta sau biyu don ba su daidaita ta ba.

An gama aikin cikin wata biyu. Katangar bulo ce gajera, daidai ƙugu, da 'yar ƙofa. Cini-da-zugun na nan a ciki. An yi benci ɗaya a jikin katangar ta waje, Rhoda na zama a kai ranar Lahadi, kuma yanzu wani lokacin takan juyo ta kalli wasan, ko da yake har yau ba ta san wa ke cin wa ba. Makullin ɗakin ajiye raga da ƙwallaye yana hannun Baba. Mamuda da kansa ya kai masa har gida. Ban ji ya ba shi haƙuri ba, kuma ina nan ina jira.

Ranar da za a buɗe filin, Baba ya ƙi fenti, ya ce a ba shi tokarsa. Na cika masa gwangwani. Aka ɗaure igiya, ya sunkuya ya fara bi, kusurwa ta ɗaya, ta biyu, ta uku. Da ya doshi ta gabas, saura taku goma, sai hannunsa ya yanke ya shigo ciki da kansa. Ya tsaya. Ya dubi tokar da ta kauce, ya dubi katangar da ke can gefe, nesa da igiya. Ya sa tafin ƙafa ya goge, ya koma kan igiya, ya ja layin har ƙarshe.

Da ya dawo da gwangwanin ya zauna a bencin rumfata, ya ce in zuba masa ƙosai, da yaji da yawa.