Ƙusoshin Kaka a Jikin Kanya

Har yau idan babur ya wuce ni, hayaƙinsa ya bugi hancina da warin fetur mai gauraye da baƙin mai, sai in ji kuncina na dama ya ɗau zafi. Yarana kan yi mini dariya idan suka ga na kai hannu ina shafa wurin. Ban taɓa gaya musu dalili ba, amma kai mai karatu bari in gaya maka.

Gonar tattasanmu tana bakin Komadugu, tafiyar awa guda a amalanke daga Diffa. A gefenta na wajen kogi akwai wata kanya babba, wadda maza uku ba sa iya rungumarta. Kaka, mahaifin babana, yana da wata al'ada da ya tsira tun bayan shekarun fari. Kowace shekara idan ruwa ya kawo iyakar cikarsa, ya hau gona har ya taɓa kanyar, sai ya naɗe wando ya shiga ya buga ƙusa daidai inda ruwan ya tsaya. Da haka yake gane inda zai kafa komayen tattasai, wato ƴan filayen ban-ruwa, baɗi. Ni nake riƙe masa ƙusa da guduma, ina bisa kafaɗarsa idan ruwan ya yi zurfi. Yakan buga ta har kai ya nutse, don kada yara su cire, bayan damina biyu ko uku ɓawo ya rufe ta ruf. Shekarar da ruwa ya yi cikar da ta fi kowace, bai buga ƙusa ba, wani guntun ƙarfen injin ban-ruwa ya kafa mai kaurin babban yatsa. Shi kaɗai yake gane wurarensu, yana lalubawa da tafin hannu. Sai ni, da nake biye da shi kamar jela.

Baba bai san da wannan ba, domin shekarunsa goma sha biyu yana kurmi, can kudancin Najeriya, yana yankan katako. Sai da salla muke ganinsa. Bayan rasuwar Kaka ya dawo gida gaba ɗaya, da akwati ɗaya da injin yankan itace a kafaɗa. Baba bahago ne, kuma hannun nan nasa na hagu ya fi bakinsa saurin magana. Ba mugu ba ne, Allah ya sani, shi ne mai kawo mana alewa da atamfa. Amma zuciya gare shi, kuma ba ya son a katse shi. Duk gidanmu babu wanda bai ɗanɗana wannan hannun ba, har akuyar Inna.

Injin nasa tsoho ne tukuf, fentinsa ya kankare, nauyinsa kamar buhun gero. Ba ya tashi sai an ja igiya sau takwas ko goma ana zufa. Amma idan ya tashi, jama'a! Tsuntsaye su watse, jakuna su tsinke igiya, ƙasa ta riƙa rawa a tafin ƙafarka. Baba yana gyara shi da kansa, da waya da filaya da magagari, kuma abin da yake taƙama da shi ɗaya ne: injin ba ya tsayawa. Ko bagaruwa ce busasshiya, ko gindin goruba mai cin haƙori, in ya kama sai ya ga bayanta.

Sai ga ƙanensa, wanda muke kira Baba Ƙarami, ya dawo daga Damagaram da sabon inji. Fes da shi, jikinsa roba, mace ma tana iya ɗaukarsa da hannu ɗaya. Ja biyu ya tashi, ga sauri, ga ƙarancin shan mai. A gaban mariƙinsa akwai wani abu kamar garkuwa, Baba Ƙarami ya ce birki ne, idan injin ya yi tsalle sarƙa sai ta tsaya cak da kanta. Baba ya yi dariya har da buga cinya.

"Inji mai tsoro ke nan ka sayo," in ji shi. "Kai wa yara su yi wasa."

"Yaya, naka kuwa mahaukaci ne. Ba ya ji, ba ya gani."

Wata guda suka yi suna wannan musu, a kan tabarma, a bakin masallaci, a kasuwar tattasai. Mutane suka rabu biyu, wasu na bayan tsoho, wasu na bayan sabo. Da bazara ta shigo, kogi ya janye ya bar yashi da ƴan tafkuna, Baba ya yanke shawarar kayar da kanyar, wai inuwarta tana cinye masa komi ashirin na tattasai. Ya karɓo takardar ma'aikatan gandun daji. Aka ce to, ga inda za a raba gardama.

Ranar ina da shekara goma sha ɗaya. Inna ta aike ni gona da fura da hantsi, ban san abin da za a yi ba sai da na tarar da maza kusan ashirin sun kewaye kanyar, injuna biyu a ƙasa. Na ajiye ƙwarya, na kutsa tsakaninsu. Baba yana tsakiyar magana, yana nuna wa mutane inda itacen zai faɗi.

Na ce, "Baba, a cikin kanyar nan akwai..."

Ban ƙarasa ba. Marin ya ɗauke ni ya yar a kan kunyar gona, bakina ya cika da ƙasa da jini, kunnena na dama ya riƙa ƙara. Na ji shi sama-sama yana cewa, "Manya na magana kina sa baki?" Wasu suka yi dariya, wani tsoho ya ce a yi haƙuri, yarinya ce. Na ja jiki na koma gindin wata bagaruwa na zauna, ina tofar da jini.

Baba Ƙarami ya fara. Sabon injin ya shiga kanyar kamar wuƙa a kabewa, garin itace yana feshi baƙi da ja. Tafin hannu biyu ya shige, sai aka ji ƙas, injin ya zabura, sarƙa ta tsaya cak. Ya saki birkin, ya sake kamawa a ƙasa kaɗan. Ƙas, ta sake tsayawa. Sau uku ana haka. Mutane suka sa ihu, Baba yana riƙe da ciki don dariya. Baba Ƙarami ya duƙa yana duban haƙoran sarƙar, fuskarsa a murtuke.

"Yaya, dakata. Birkin nan ba ya kamawa haka kawai. Akwai abu a ciki."

"Akwai abu mana. Itacen maza ne a ciki. Kauce!"

A nan ne laifina yake, kuma ba zan ɓoye shi ba. Na san abin da ya tsayar da sarƙar, na ma san wace ƙusa ce. Na ga inda Baba ya ɗora ido, daidai ƙugunsa, inda ƙarfen babbar cika yake kwance. Taku goma ne tsakanina da shi. Amma kuncina yana zafi, zuciyata tana tafasa, na ce a raina bari ƙarfen ya kakkarya masa haƙoran inji a gaban mutane, shi ma ya ji yadda kunya take. Iyakar abin da na nufa ke nan. Na yi shiru.

Ja na tara tsohon ya tashi da ruri. Baba ya danna shi a jikin kanyar, ya ci ƙusa ta farko, wuta ta yi tartsatsi, bai tsaya ba. Ya ci ta biyu. Mutane suna ta kirari, Baba ya waiwayo yana murmushi, ya tura bakin injin cikin tsagin da ƙarfinsa duka. Ƙarar da ta biyo baya ban taɓa jin irinta ba. Injin ya yi tsalle ya fito sama, hannun Baba na hagu ya suɓuce daga mariƙi ya faɗa kan sarƙa, sarƙar kuwa tana gudu. Jini ya yi tsiri har kan ganye. Baba ya zube a gwiwa, injin ya faɗi gefe yana ta haƙar ƙasa yana juyi, maza suna tsalle suna gudu, har sai da Baba Ƙarami ya bi ta baya ya kashe shi.

Da rawaninsa Baba Ƙarami ya ɗaure dantsen Baba, ya murɗa da sanda. Babu mota, sai amalanken shanu. Ni na riƙe kan Baba a cinyata har Diffa, rana tana dukanmu, jini yana ɗiga ta tsakanin katako, ƙudaje suna bin mu. Baba Ƙarami yana dukan shanun yana kuka yana cewa, "Yaya, kar ka yi barci, mun kusa wajen lokotoro." Likitoci sun ceci ransa. Hannun kam, daga wuyansa zuwa ƙasa, a can muka baro shi.

Kanyar da gatari aka ƙarasa ta, aka kawo itacen gida. Wata biyu Inna tana girki da shi. Kullum da safe idan na je kwashe toka sai in tsinci ƙusa, baƙa, lanƙwasasshiya. Na riƙa tara su a gwangwanin tumatir ina ɓoyewa a bayan randa. Ban iya cin abinci, ban iya kallon dungun hannun nan. Wata safiya ina durƙushe a murhu da ƙarfen babbar cika a hannuna, jikinsa duk sawun haƙori, sai na ga inuwa a kaina. Baba ne. Ya karɓi gwangwanin ya zazzage a ƙasa, ya daɗe yana kallo.

"Wa ya buga su?"

"Kaka. Ni nake riƙe masa."

"Abin da kika zo gaya mini ke nan ranar?"

Na ce e. Na ce kuma bayan nan ma na sami dama, da gangan na yi shiru. Na ga kafaɗarsa ta hagu ta motsa, na runtse ido na kare kunci. Abin da ya sauka a kaina dungun ne, naɗe da tsumma, a hankali.

"Ba ke kika yi shiru ba, uwata," ya ce. "Ni na rufe miki baki."

Daga ranar ban sake ganin ya daki kowa ba, ko da hannun da ya rage.

Idan kana son jin yadda gardamar injuna ta ƙare, ba ta ƙare ba. Sabon bai shekara huɗu ba wani abu ya ƙone a cikinsa, aka nema har Maiduguri ba a samu ba, ya zama matattarar kaji. Tsohon yana nan a ɗakin ajiyar ƙanena, an ce in an zuba mai an ja igiya har yanzu yana tashi. Baba har ya rasu yana cewa ba a sake ƙera inji mai ƙarfinsa ba, Baba Ƙarami kuma yana cewa da nasa aka bari da an binne Yaya da hannu biyu. Dukansu gaskiya suka faɗa.

Yanzu bakin kogin ya yi fayau, manyan itatuwan sun tafi, mutanen ƙauyukan ma da yawa sun taso. Babu mai buga ƙusa ya auna ruwa. Gwangwanin yana cikin akwatina. Ƴata ta ƙarama surutu gare ta kamar me, tana katse ni a tsakiyar magana ko da baƙi a ɗaki, maƙwabta suna cewa na sangarta ta. Ni dai duk sanda ta buɗe baki ta ce "Mama, akwai," nakan ajiye abin da ke hannuna in jira ta ƙarasa.