Ranar da Na Kewaye Shingen Hanya da Lodin Gishiri

Malam Edita, ina yi maka sallama, kai da masu karatu. A shekarun hamsin, tun Turawa ba su tafi ba, ni matashi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, direban babbar mota a Kaduna. Ina zaune a Unguwar Shanu da matata da 'yarmu ta goye. A lokacin tuƙi ba aikin kowa ba ne. In na shigo unguwa da kakin aikina duk baƙin mai, dattawa kan miƙo mini hannu, a tambaye ni labarin garuruwan da ba su taɓa gani ba. Wannan girma da ake ba ni ya hau mini kai. Na ɗauka babu hanyar da za ta gagare ni, babu kuma mahaluƙin da zai koya mini wani abu a kan mota. A tasha har kirari nake yi wa kaina cewa ban taɓa kwana a inda ban yi niyya ba.

Motar mai bodin katako ce, ta wani Alhaji attajiri. Mukan yi lodi a Babbar Kasuwa, gishiri ko kananzir ko atamfa, mu bi ta Birnin Gwari mu nausa Kontagora, wani lokaci har Jebba, mu dawo da doya da goro da man ja. Tafiya ɗaya takan ci mako guda, jiki duk jar ƙasa, abinci kuwa abin da aka samu a bakin hanya. Wanda ke bi na a mota dattijo ne, ya kusa haihuwata. Ya fi ni sanin inji nesa ba kusa ba, sai dai idonsa ɗaya ya lalace tun yana ƙarami, shi ya sa aka hana shi lasin. Baba nake ce masa a baki, amma a zuciya ina ganin ai ni ke riƙe da sitiyari, shi nasa ɗaure igiya da sa waji a bayan taya. In ya ba ni shawara sai in yi kamar ƙarar inji ta hana ni ji.

Ga waɗanda ba su riski zamanin ba, yawancin hanyoyinmu ba kwalta. In ruwa ya sauka da damina, hukumar hanya takan rufe su da shinge, wani dogon ƙarfe da ake gindayawa, a hana manyan motoci wucewa sai ƙasa ta sha iska, don kada tayoyi su farfasa hanyar. Kowane shinge da mai gadinsa da 'yan leburori masu gyara. Direba ba shi da ta cewa, sai ya kashe mota ya jira.

Ranar da zan ba da labarinta tsakiyar damina ce. Na ɗauko gishiri, mota cike, kusan duka na wata mata ce 'yar kasuwa wadda mijinta ya rasu ya bar mata 'ya'ya. Iya muke ce mata. Ita da kanta ta faɗa mini a wajen lodi cewa duk abin da ta mallaka a duniya yana cikin buhunan nan. Tana zaune a gaba, fasinjoji kamar goma suna bisa kaya tare da Baba. Mun wuce Birnin Gwari da safe, da hantsi muka iso wani shinge, muka tarar an rufe, motoci huɗu a jere, direbobinsu sun shimfiɗa tabarma a gindin kaɗanya. Mai gadin tsohon soja ne, siriri, yana ɗingishi. Ya ce mini an kwana ana ruwa, ba zai ɗaga ba sai gobe da safe in sama ta yi haske. Na roƙe shi, ya ƙi. Sai na shiga gaya masa maganganu, waɗanda har yau in na tuna sai in ji kunya ta lulluɓe ni. Na ce masa shi da bai taɓa riƙe sitiyari ba me ya sani a kan hanya, na ce an ba shi sanda ɗaya ya riƙe yana jin kansa Razdan, Baturen da ke mulkin lardi. Ya juya ya koma kan kujerarsa. Direbobin nan suka yi ta dariya, wani ya ce yau dai mai kirari zai kwana a inda bai yi niyya ba.

Wannan dariya ce ta ja ni, ba wani abu ba. Babu mai kora ta, Iya ma cewa ta yi gishiri ba ya ruɓewa, mu jira. Amma na san wata tsohuwar hanyar fatake da muke bi da rani, tana ratsewa kaɗan kafin shingen, ta ƙetare wani rafi, ta sake faɗowa babbar hanya can gaba. Na juya mota kamar zan koma gari. Da Baba ya ga na karkata cikin daji sai ya sauko ta gefen bodi ya leƙo ta taga, ya ce in dubi Allah in tsaya, yashin rafin nan da damina ba ya ɗaukar ko jaki da kaya. Na ce masa in yana tsoro ya sauka ya bi mu da ƙafa.

Da muka iso rafin, ruwan bai kai gwiwa ba, yana tafiya a hankali kamar ba komai. Ban ko sauka na taka ba. Na sa giya na afka. Tayoyin gaba suka wuce tsakiya lafiya, har na fara murmushi, sai na ji bayan motar ya zauna. Na ƙara wuta, tayoyin suka yi ta juyi suna haƙa rami, motar ta kwanta ta ɓangaren hagu, mutane suka ɗau salati, injin ya yi tari sau biyu ya mutu. Na buɗe ƙofa na diro, na ga ruwa yana lasar katakon ƙasan bodi, daidai inda buhunan farko suke. Iya ta leƙo ta ga abin da na gani. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta dai kalle ni, kallon da na gwammace a ce mari ne.

Baba ne ya fara dawowa hayyacinsa. Ya sa aka sauke mata da yara zuwa tudu, ya jera mazan suna miƙa buhuna hannu da hannu. Sannan ya ja ni gefe ya nuna mini gabas, inda hadari ya yi baƙi ƙirin a kan duwatsu. Ya ce can ana ruwa yanzu, kuma duk ruwan nan ta rafin nan zai biyo, in Allah ya taimake mu muna da zuwa la'asar. Ya ce mu kaɗai ba za mu iya ba, ana bukatar katakai da shebur da ƙarti, kuma duk yankin nan wuri ɗaya ne ake da su. Na gane inda yake nufi. Na ce ko shi zai je, tunda bai yi faɗa da kowa ba. Ya ce a'a, shi zai zauna da inji, wanda ya ɓata, shi ne zai je.

Tafiyar ba ta fi mil biyu ba, amma ban taɓa yin mai nisanta ba. Na iso shingen ba takalmi, laka har ƙugu. Direbobin da suka yi mini dariya suka miƙe tsaye. Na je gaban tsohon sojan na durƙusa, na ce masa na bi ta rafi, mota ta kafe. Na sunkuyar da kai ina jiran ya rama duk abin da na gaya masa.

Ya ce, "Akwai wanda ya ji ciwo?"

Na ce, "Babu, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Tashi, ɗana, ba lokacin durƙuso ba ne. Ɗauki katakan can biyu, ka fi mu ƙarfi."

Ya busa usur, leburorinsa suka fito da shebur da diga. Direbobin nan huɗu suka kwaso jak-jak ɗinsu da igiyoyi ba tare da an roƙe su ba. Ya aika ƙauyen da ke kusa, manoma suka bar gonakinsu suka biyo mu. Shi kansa ya bar wani a bakin shingen, ya biyo mu da ɗingishinsa.

Da muka koma, an sauke fiye da rabin gishirin, an rufe shi da tamfol a kan tudu. Ruwan kuwa ya canja launi, ya zama ja, yana ɗauke da kumfa da karare, ya haura gwiwa. Baba ya kwance fulogogi yana gasa su a bakin wata 'yar wuta da ya hura, yana goge wayoyi da gefen rigarsa. Tsohon sojan ya raba mu kamar a fagen daga: wasu su sari itace, wasu su kwaso duwatsu, wasu su haƙe yashin gaban tayoyi. Ni aka ba ni shiga ƙarƙashin mota. Nakan ja numfashi in nutse in dasa jak a kan katako, a ɗaga kaɗan, a cusa duwatsu, jak ɗin ya zame, mu sake. Sau nawa muka sake, ban sani ba. Farcena biyu sun fita ban ji ba sai daga baya. Muka yi azahar a gurguje kashi-kashi, ruwa na ƙaruwa, har sandar da aka kafa don auna shi ta kusa nutsewa.

Da tayoyin suka hau katakai, Baba ya mayar da fulogogi, ya kama ƙarfen tayar da inji ya juya. Shiru. Ya sake, shiru. A na biyar injin ya yi atishawa, ya feso ruwa ta salansa, ya kama. Na hau kujera. Baba ya shiga ruwa ya tsaya a gaban motar har ƙirji, ya ce da ni, "Kada ka dubi ruwa, kada ka dubi gaɓa. Hannuna za ka duba. In na ce a hankali, a hankali." Shekara uku muna tare, ranar ce na fara bin umarninsa. Aka ɗaura igiyoyi a gaba, mutum fiye da talatin suka kama, tsohon sojan yana ba da baki suna amsawa. Na saki kuloci kamar mai ajiye ƙwai. Motar ta girgiza, ta yi ƙugi, katako ɗaya ya karye, ta koma baya kaɗan, hannun Baba ya ce in riƙe. Na riƙe. Ya ɗaga hannu, na ba ta wuta, sai na ji tayoyin baya sun ciji dutse. Ta taso tana zubar da ruwa ta ko'ina, ta hau gaɓa, ta tsaya a kan busasshiyar ƙasa.

Ban taɓa jin kabbara irin ta ranar ba. Matan ƙauyen suka rangaɗa guɗa, direbobi suna rungumar leburori, wani manomi ya jefa malafarsa sama. Ba mu gama murna ba muka ji ruri daga sama kamar jirgin ƙasa na tahowa. Ruwa ya zo da itatuwa da tumukan ciyawa, ya shafe inda motar take, ya tafi da katakai da jak guda. Kowa ya tsaya yana kallo. Ni dai na zauna a ƙasa.

Buhunan da ke can ƙasa sun sha ruwa, wasu sun koma rabi, amma mafi yawan gishirin ya tsira. Na je wajen Iya in ba ta haƙuri. Ta ce ta yafe, amma in sani ba gishirinta kaɗai na ɗauko ba, har da 'ya'yan mutane, kuma ba ta ga dariyar da ta kai ran mutum ɗaya ba. Tsohon sojan ya ce dole ya rubuta abin da ya faru, don katakan hukuma sun tafi. Na ce ya rubuta duka, har da zagin. Ya ce zagin nasa ne, ya riga ya yafe, ba ya cikin rahoto.

Da muka koma Kaduna ban jira labari ya riga ni ba, na je na gaya wa Alhaji komai da bakina. Ya karɓe makulli, ya ce sauran daminar a wajen lodi zan yi ta. Wata uku ina dakon buhuna a Babbar Kasuwa, a gaban mutanen da na saba yi wa kirari. Da kaka ta yi ya kira ni zai mayar mini da mota, ya ce zai haɗa ni da wani sabon mai bin mota. Na roƙe shi ya bar mini Baba, in kuma ba Baba, to a bar ni a dako. Muka ƙara shekara tara tare, kuma duk abin da na sani na kirki a kan mota a waɗannan shekarun na koye shi. Iya ma, da ta tashi lodi na gaba, motata ta nema. Na yi shekara talatin da wani abu ina tuƙi bayan wannan, daga Legas har Maiduguri, ban kayar da mota ba, ban zubar da jinin kowa ba, na yi ritaya da hannuna da ƙafata. Wannan ita ce nasarar da nake alfahari da ita, kuma na san a rafin nan aka ba ni ita.

Abin da na koya shi ne ƙwarewa ba ta hana mutum halaka in kunnensa a toshe yake. Na iya tuƙi tun kafin ranar, abin da ban iya ba shi ne jira, da jin magana daga wanda nake ganin na fi. Ina kira ga direbobinmu na yanzu, masu kwalta da manyan injuna: in an tsayar da ku, ku tsaya. In na ƙasa da ku ya ce ku taka birki, ku taka, ku yi gardamar daga baya. Kada ku bari tsokanar 'yan tasha ta tuƙa muku mota, domin ranar da abu ya lalace ba kowa ne ke samun wanda zai yafe masa ya biyo shi da shebur ba. Ni na samu, kuma ban cancanta ba. Mutanen da ke bayanku a mota kowannensu akwai mai jiransa a gida, ku kai su.