Desmond Mai Tsufar da Jita

Desmond Ormerod bai iya kaɗa jita ba ko kaɗan, amma duk yankinmu na Lancashire babu wanda ya kai shi iya yi mata fenti. Tun yana saurayi yake ɗakin feshin fenti a masana'antarmu ta jita, ni kuma ina gefe ina haɗa wayoyin lantarki. Tsantseninsa har haushi yake ba ni. Ƙura ɗaya ta faɗa kan fenti, sai ya kankare duka ya sake.

"Des, wa zai gani?" nakan ce.

"Ni na gani, Glenys. Sha shayinki."

Da wani babban kamfani ya saye mu, aiki ya koma ƙetare. Jita na zuwa a kwali an gama komai, ga tambarinmu da shekarar kafuwarmu ɓaro-ɓaro. Aka sallami kowa sai mu tsofaffi, don baƙi su riƙa ɗaukar hotonmu. Aka kashe injin feshi, aka miƙa wa Des sarƙa da tarin makullai. Wai masu saye tsohuwa suke so, wadda ta sha duniya. Aikinsa yanzu shi ne ya daki sabuwa, ya kurje ta, ya ƙona mata wuya da taba.

Ya yi, don matarsa na kwance, kuma wa zai ɗauki mai shekarunsa? Abu guda ke sanyaya masa rai: aikinsa na da yana can hannun mutane, inda ba mai lalata shi.

Ran nan manaja ya shigo da akwatin jita. Wata mata ce ta sayar masa, mijinta ya rasu ya bar jitar a ƙarƙashin gado. Jita ce jawur, ɗaya daga cikin ayyukan Des na farko, ko ƙwarzane babu. Sai da Des ya goge hannu a riga kafin ya taɓa ta.

"Mista Ormerod, ita za mu sa a akwatin gilashin zaure," in ji manaja. "Sai dai ta cika sheƙi, baƙi za su ce ta jiya ce. Ka ɗan taɓa mana ita."

"Haba, ka ji tsoron Allah!" na ce. "Ita ce fa ta asalin!"

"Shi ya sa muke so ta yi kama da ta asali."

Na zaci Des zai tuɓe rigar aiki ya jefa masa. Wallahi na so ya yi, raina ya gama ɓaci. Sai ya tsaya yana kallonta, ya ce, "Glenys, fita, ki ja mini ƙofa."

Daga waje na ji bugun farko. An daɗe kafin na biyu.