Aikin Wuyan Da Na Hana A Yi Wa Matata

Da ana mayar da rana baya, da na koma ɗakin likitan nan na ce na yarda. Ni na hana a yi wa matata aiki a wuya, har ƙasusuwanta suka lalace.

Ƙodarta ta daɗe da gazawa, muna ta kai ta wankin ƙoda. Can sai ƙaiƙayi ya taso mata, da ciwon ƙashi. Likita ya zaunar da mu, ya ce akwai wasu 'yan ƙullutai a wuyan kowane mutum, ba su fi ƙwayar shinkafa ba. Idan ƙoda ta gaza sai su yi ta aiki ba tsayawa, suna zuƙe ƙarfin ƙashi suna zubawa cikin jini. Magungunan da take sha sun daina riƙe nata, gara a cire.

Ni mahauci ne. Tun ina yaro na san abin da ke biyo bayan ɗora wuƙa a wuya. Yana magana, ni kuwa rago nake gani an kayar da shi an fuskantar da shi alƙibla. Na ce a'a. Ko fuskar matata ban duba ba.

A hanyarmu ta komawa gida a Ƙofar Kwaya ta ce, "Malam, wuyan nan fa nawa ne." Da murmushi ta faɗa, na ɗauka wasa ne.

Sai na shiga jinya irin tawa. Kullum fura da nono, wai don ƙashi ya yi ƙwari, alhali likita ya ce a rage nono. Ta riƙa sha don kada raina ya ɓaci.

Shekarun nan yanzu kamar mafarkin rana suke zo mini. Ga ta a gindin darbejiya tana sosa hannu da tsinken tsintsiya, tattabaru na sauka a kan katanga. Tsawonta na raguwa, zanenta ya fara jan ƙasa. Wani lokaci sai in ga kamar iska za ta ɗauke ta, ta bi da ita ta saman hasumiyar Gobarau.

Wata la'asar ta sunkuya za ta ɗauki buta, ƙashin ƙugunta ya karye. Ba ma faɗuwa ta yi ba. A lokacin na yarda. Aka yi aikin, ta farfaɗo lafiya, ƙaiƙayin ya lafa, tabon ma ɗan siriri. Amma ba ta ƙara takawa da ƙafarta ba. A zaune take sallah har yau.

Duk wanda Allah ya ɗora wa jinyar mai ciwon ƙoda, ina roƙonsa kada ya yi irin tawa. In likita ya kawo maganar aiki, ku yi ta tambaya har ku gane, ku kuma bar mai ciwon ya fara faɗin nasa.