Shanshanin Ƙarƙashin Randar Inna

Gwaggona, yayar babanmu, ko akuya ba ta taɓa karɓa wa haihuwa ba, amma a ganinta duk Gawon Nama babu wanda ya kai ta sanin abin da ke cikin mace mai ciki. Tun da aurenta ya mutu ta dawo gidanmu ta zauna daram, ta zama alƙalin gida. Babanmu mahauci ne, ƙato, bijimi ba ya ba shi tsoro, amma Gwaggo na yin gyaran murya zai miƙe tsaye.

Mu huɗu Inna ta haifa, duk mata, ni ce babba. Laifinta ke nan, babu wani. Sai da na girma na shiga koyon aikin ungozoma aka karantar da mu cewa ƙwayar da ke raba namiji da mace daga wajen uba take zuwa, uwa karɓa kawai take yi. Ranar na yi dariya har malamar ta harare ni, ba ta san takaici ne ke cina ba.

A daminar da Turawa ke shirin tattara nasu ya nasu, Inna na ɗauke da ciki na biyar. Gwaggo ta riga ta yanke hukunci a gaban Baba: in wannan ma mace ce, a sallami uwar.

Wata safiya na ɗaga randar Inna zan wanke, sai ga shanshani ya fito, dogo, mai jan kai. Na ɗauki takalmi. Gwaggo ta cafke mini hannu.

"Kul," in ji ta. "So kike ki kashe ƙanenki?"

Wai iliminta shi ne, shanshanin da ya kwana ƙarƙashin randar mai ciki shi ke faɗin abin da za a haifa. Mai jan kai namiji ne, mai baƙin kai mace. Ta duƙa tana leƙensa da idon nan nata da ba ya iya zura zare a allura, ta ɗago ta ce, "Namiji na. Ku dubi kai nai."

Aka sa shi a tsohuwar tukunya da danshin ƙasa, aka rufe da faifai, aka danne da dutse. Sharaɗin Gwaggo, kada ya mutu kafin a haihu. Ni aka ɗora wa kiwonsa. Ina farautar gyare da kyankyasai, Baba kuma kullum sai ya dawo masa da 'yar tsoka daga mahauta. Mu 'yan mata romo da ƙashi, ƙwaro tsoka zalla. Baba ya sayi ragon suna tun ciki bai tsufa ba, ya bi abokan sana'arsa ɗaya bayan ɗaya yana musu albishir. Inna dai ta ci gaba da aikinta. Ni kaɗai ta taɓa ce wa, "Ki kula da yatsunki, yana harbi."

Rannan Gwaggo ta tara matan maƙwabta za ta nuna musu abin al'ajabi. Ta ɗage faifai da kanta. Ga shanshani ya naɗe jikinsa ya rungume tulin ƙwai, rawaya, kamar ƙwayar dawa. Wata tsohuwa ta leƙa ta ce, "To, namijin naki dai ya yi ƙwai." Mata suka kwashe da dariya.

Mai kunya da sai ya ja bakinsa ya yi shiru. Ban da Gwaggo. Ta nuna Inna da yatsa ta ce, "Namiji na aje da hannuna. Cikin matar ga na ya juya shi. Wadda ko ƙwaro bai tsira gare ta ba, mi kuke jira ta haifa?"

Kafin azahar labari ya kai mahauta, ana ta tambayar Baba lafiyar mai jego ta cikin tukunya. Ya dawo fuska a murtuke. Bai iya kallon yayarsa ya ce mata ta yi shirme ba, sai ya juya ga wadda ba ta da bakin ramawa, ya yi mata saki ɗaya. Inna ta naɗe tufafinta, ta goya autarmu, ta tafi gidan iyayenta a Ƙofar Rini. Na tsani Baba a ranar, ba zan ɓoye ba.

Dattawan unguwa suka same shi suka ce ya mai da matarsa tun da wuri, domin iddar mai ciki haihuwa ce, tana sauka igiya ta fita daga hannunsa. Gwaggo ta ce a'a, a jira a ga abin da za ta haifa tukuna, kada a yi wahalar banza. Ya bi tata.

Ana cikin kaɗe-kaɗen samun 'yancin kai aka aiko cewa Inna ta sauka. Namiji.

Baba ya zura babbar riga, ya ce in jawo ragon, muka nufi Ƙofar Rini yana sauri ina binsa. Kakana ya tare mu a zaure, ya ce, "Idda ta cika jiya. Yanzu sai sabon aure, shi ma sai in ta yarda." Ya aika aka kira ta. Inna ta tsaya bayan labule, ba ta fito ba.

"A karɓi ragon, haƙƙin yaro na," in ji ta. "Zancen komawa kuwa, Malam, ka je ka tambayi shanshani."

Muka bar ragon can muka juyo gida, igiyarsa kawai a hannuna. Muka tarar da Gwaggo a tsakar gida tana gaya wa maƙwabta ai ita tun farko ta ce namiji ne. Inna ba ta sake kwana a gidan nan ba. Ni na gaji randarta da murhunta, ko tukunyar tuwo ban iya saukewa ni kaɗai ba.