Taku Arba'in Daga Tsamiya

A gidanmu na Ƙofar Ran, da an idar da sallar magariba muke kewaye murhun Dada, kakarmu ta wajen uba, tana gasa mana gyaɗa a toka. Tatsuniya kam tana da ita buhu-buhu, amma akwai labari guda da ba ta gajiya da shi, mu kuwa ya ishe mu: labarin tashar jirgin ƙasa.

Ta ce inda tashar take, da can ƙauyensu ne, 'yan gidaje a bayan ganuwa. Tana shekara bakwai mahaifiyarta ta rasu, aka binne ta a bayan gida. Ba a daɗe ba sai ga masu awo, aka ce kowa ya tashi, hanyar jirgi ta iso Bauchi. Ranar da za su tashi, mahaifinta ya tsayar da ita a gindin wata tsamiya, ya sa ta taka zuwa kabarin tana ƙirgawa, don ya san za a baje ƙasar. A kan idonta leburori suka shimfiɗa dogo, aka gina tasha, kukan jirgin farko ya sa awaki tsinke igiya, masu tuwo suka kafa rumfuna. A kan idonta kuma jirgin ya fara ɗaukewa.

Daga nan sai Dada ta dube ni: "Taku arba'in daga tsamiya, ki fuskanci gabas. Maimaita, uwar surutu."

Nakan maimaita ina zumɓura baki, hankalina na kan gyaɗa.

Bayan rasuwarta na je tashar. Ko'ina shiru, ciyawa ta cinye dogon, amma tsamiyar na nan. Na taka arba'in, sai ga ni a jikin bangon wani tsohon sito, alhali Dada ta sha cewa ba a taɓa yin gini a wurin ba. Na koma gida ina kuka, ina ganin na zubar da amanarta.

Sai da 'yata Hauwa ta kai shekara bakwai na gane kuskurena: ƙafar yarinya ce ta yi awon. Na kai ta, ta taka tana ƙirgawa, ta tsaya a wani fili nesa da bangon. A nan muka yi addu'a.

Har yau ina jin kunyar zumɓura bakin nan. Tasha tana da masu ba da tarihinta. Dada kuwa marainiya ce da ta tsufa tana tsoron ranar da babu wanda zai san inda uwarta take kwance.